Babi na Tara: Reg Saunders, Ɗan Tafkin Condah

Ran 24 ga watan Afrilu na 1940, tun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suke kira Yaƙin Hitila, bai cika wata takwas da ɓarkewa ba, wani saurayi baƙar fata mai shekara 19, wanda bai san wata sana'a ba ban da saran itace da tsaga katako a dazuzzukan yammacin jihar Victoria, ya je ya ba da sunansa aka rubuta shi a cikin sojan ƙasa na Ostireliya, alhali kuwa dokar tsaro ta ƙasar, tun gyaran da aka yi mata a 1909, ta ware waɗanda asalinsu ba na Turai ba ne daga cikin mutanen da ake kira aikin soja, kuma a wannan shekara ta 1940 ɗin ne hukumomin tsaro suka sake yanke shawara cewa ba su da bukatar ɗaukar 'yan asalin ƙasar. Da ya yi jinkiri kaɗan, watakila da an mayar da shi gida. Sunansa Reginald Walter Saunders, abokansa kuwa Reg suke ce masa, kuma shi ne wanda tarihi ya riƙe a matsayin mutum na farko daga cikin Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, da ya sami muƙamin hafsa a rundunar sojan ƙasar.

Ba za a fahimci nauyin wannan al'amari ba sai an san nasabarsa. Mutanensa su ne Gunditjmara, waɗanda suke zaune a ƙasar da ke kewaye da dutsen Budj Bim da tafkin Condah tun zamanin da babu wani littafi da ya kai gare shi. A nan ne kakanninsa suka sassaƙa duwatsun da wutar dutse ta amayar, suka gina magudanan ruwa da madatsai da tarkuna domin kiwon wani irin kifi mai tsawo kamar maciji, aikin da masana suka ƙiyasta cewa wani sashensa ya kai shekara 6,600, kuma a 2019 aka shigar da shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Waɗannan mutane ne Turawan Ingila, da suka sauka a gaɓar Portland a 1834 da garkunan tumakinsu, suka ɗauka tamkar ba su mallaki komai ba, bisa wata ƙa'ida ta shari'arsu mai cewa ƙasar ba ta da mai ita, ƙa'idar da babbar kotun Ostireliya ba ta rushe ba sai a 1992. Gunditjmara ba su sallama da sauƙi ba. Shekara da shekaru suka yi suna fafatawa da baƙin a yaƙin da ake dangantawa da kogin Eumeralla, suna kai hari su ɓuya cikin duwatsun da doki ba ya iya takawa, har bindiga da cuta da yunwa suka ci ƙarfinsu, aka tattara ragowarsu a unguwannin mishan, ɗaya a Framlingham, ɗaya kuma a bakin tafkin Condah wadda aka kafa a 1867.

A Framlingham aka haifi Reg ran 7 ga watan Agusta na 1920. Mahaifinsa, Chris Saunders, ya riga ya yi Yaƙin Duniya na Farko yana riƙe da mashingan, shi kuwa Reg sunan William Reginald Rawlings ya ci, ɗan'uwan iyayensa, wanda ya sami lambar jaruntaka a Faransa kuma ajalinsa ya same shi a can a watan Agusta na 1918. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, sai aka kai shi da ƙanensa Harry wurin kakanninsu a Condah, inda ya yi 'yar makarantar da aka tanadar wa irinsa, ya bar ta yana da shekara 14 ya kama aikin katako. Daga baya shi da mahaifinsa da ƙanensa suka kafa nasu injin tsaga katako, suna cikin fara ganin amfaninsa gobarar daji ta 1939 ta cinye shi ƙurmus.

Mai karatu na iya tambaya, kuma tambaya ce mai hujja, mene ne zai sa jikan waɗanda aka ƙwace wa ƙasa ya ɗauki bindiga domin kare gwamnatin da ta gaji ƙwacen. A ganina amsar ba ɗaya ba ce. Akwai gadon gida, domin yaro ne da ya tashi yana jin labarin yaƙi daga bakin mahaifinsa da maƙwabtansu na gidan Lovett, waɗanda 'yan'uwa biyar daga cikinsu suka je yaƙin farko. Akwai talauci bayan gobara. Akwai kuma wani abu da tsofaffin suka gani da idonsu suka faɗa wa 'ya'yansu, cewa a cikin kaki albashi ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, kuma harsashi ba ya tambayar launin fata. Amma abin da ya fi waɗannan duka, kuma shi ne abin da rayuwarsa ta tabbatar daga baya, shi ne bai taɓa yarda a ransa cewa ƙasar ta wasu ce ba. Tasa ce tun kafin a rubuta dokar da ta ware shi, saboda haka kare ta wajibi ne a kansa.

A barikin horo ba a daɗe ba aka gane irin mutumin da aka samu, domin cikin watanni uku kurtun ya zama saje yana koyar da Turawa fareti. Da aka tura shi Gabas ta Tsakiya a ƙarshen 1940 domin cike gurbi a bataliya ta 2/7, sai ya koma farabiti kamar yadda tsarin ya tanada, ya riski bataliyar a Libiya a farkon 1941, bayan an kori Italiyawa daga Bangazi, garin da fataken Sudan suka daɗe da sanin hanyarsa. Zamansa a can bai yi tsawo ba. A watan Afrilu Jamusawa suka auka wa ƙasar Girka, aka kwashi sojojin Ostireliya da na Niyu Zilan aka kai su tare ambaliyar da ba ta taruwa, suka yi ta ja da baya jiragen sama na yi musu ruwan bama-bamai har bakin teku a Kalamata, inda aka ɗebe su a wani jirgin ruwa mai suna Costa Rica. Shi ma jirgin bom ya lalata shi a tsakiyar teku, kuma da ba domin jiragen yaƙin Ingila sun matso sun kwashe mutanen kafin ya nitse ba, da labarin nan ya ƙare a nan. Haka aka sauke su a tsibirin Kirit, da yawansu ba bindiga, wasu ko takalmi babu.

Wannan tsibiri na Bahar Rum, wanda marubutan Larabawa suke kira Iƙriɗish, kuma wanda Musulmin Andalus suka taɓa mulka fiye da ƙarni guda tun daga wajen shekara ta 827, dogon tsibiri ne mai ƙashin baya na duwatsu, biranensa da tasoshin jiragensa duk suna arewa, kudancinsa kuwa sai kwazazzabai da ƙananan ƙauyukan masunta. Ran 20 ga watan Mayu na 1941 Jamusawa suka sauko masa daga sama, dubban sojojin laima suna zubowa kamar fari, abin da duniya ba ta taɓa gani da irin wannan yawa ba. An kashe su da yawa tun suna lilo a iska, amma da suka kama filin jirgin sama na Maleme sai ƙofa ta buɗe musu, suka yi ta shigo da sojojinsu na dutse. Bayan mako guda, ran 27 ga wata, ragowar mayaƙan Ostireliya da Niyu Zilan, a gajiye, da yunwa da rashin barci, suna kwance cikin gonakin zaitun a gefen wata turbar ƙasa kusa da mashigin Souda, wadda sojojin Ingila suka laƙaba wa suna Titi na 42, sai ga bataliyar Jamusawa ta doso ba tare da ta san yawan waɗanda ke gabanta ba. Mutanen Mawori na bataliya ta 28, su ma 'yan asalin ƙasarsu ne kamar Reg, suka ɗaga kirarinsu na yaƙi, bataliya ta 2/7 ta ɗaura banati, aka tashi gaba ɗaya aka auka musu, aka kora su fiye da kilomita guda suna zubar da makamai, kuma wannan kora ce ta sayo wa sauran rundunar sa'o'in da take bukata domin ta kama hanyar kudu.

A wannan rana ce Reg ya kashe mutum na farko da ya tabbatar da hannunsa ya kashe. Shekaru da yawa bayan haka, da yake ba da labarin, bai yi alfahari ba. Abin da ya ce ya ji shi ne baƙin ciki, domin da ya juya gawar ya ga saurayi ne kamarsa, sai ya yi burin ina ma a ce filin ƙwallo ne, inda za ka kayar da abokin karawa sa'an nan ka miƙa masa hannu ya tashi a ci gaba da wasa. Ina ganin ya kamata a riƙe wannan magana sosai, domin daga gare ta ake gane cewa shaja'ar mutumin ba ta ƙeƙashewar zuciya ba ce, kuma irin wannan soja ne mabiya suke amince wa da rayukansu.

Daga nan aka shiga tafiyar wahala ta ƙetare Fararen Duwatsu zuwa ƙauyen Sfakia da ke gaɓar kudu, inda jiragen ruwa suke zuwa da dare su kwashi wanda rabonsa ya tsaga. Bataliya ta 2/7 aka ɗora wa tsaron baya, wato ita za ta tsaya a kan tudu ta riƙe abokan gaba har kowa ya wuce, kuma ta cika wannan amana. Amma sa'ad da aka ba ta izinin saukowa bakin ruwa a daren ƙarshe, wayewar 1 ga watan Yuni, jirage sun cika sun tashi. Waɗanda suka tsare ƙofa domin wasu su fita su ne aka rufe a ciki. Dubban mutane suka ajiye makamai, kimanin 3,000 daga cikin kamammun Kirit 'yan Ostireliya ne, shi kuwa Reg ya ƙi miƙa wuya, ya juya ya nufi duwatsu.

Wata goma sha ɗaya ya yi a cikinsu, kuma a nan nake so mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan daɗe, domin a nan ne zuciyar labarin take. A yi tunanin halin mutum baƙar fata, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen Girka, a tsibirin da kowane baƙo abin tuhuma ne, da ƙauyukan da kowa ya san kakan kowa. Ba shi da wata hanyar ɓuya face mutanen ƙasar su yarda su ɓoye shi, su kuwa sun san farashin yin haka sarai, domin tun ran 2 ga watan Yuni Jamusawa suka tara mazan ƙauyen Kondomari suka harbe su, washegari kuma suka ƙone Kandanos suka mai da shi kufai, suka kuma shelanta cewa duk wanda aka kama yana taimakon sojan da ya tsere hukuncinsa kisa ne. Da wannan sanin manoma da makiyayan Kirit suka buɗe masa ƙofa. Suka tuɓe masa kaki suka sa masa tufafinsu, suka ɓoye shi a kogo da bukkokin makiyaya da ƙananan majami'un da ke bayan gari, suna aiko yara da gurasa da cuku da zaitun a shekarar da yunwa take kashe mutane a titunan Atina, suna miƙa shi daga wannan gida zuwa wancan in sun ji ƙishin-ƙishin sintiri. A yankin Rethymno wata mata da 'ya'yanta suka riƙe shi da abokan ɓuyansa tamkar 'yan ɗaki. Shi kuma ya koyi harshensu har ya iya, ya koyi tafiyarsu da gaisuwarsu.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani mai tsawo a kan mas'alar ba da aminci, cewa idan mutum ɗaya daga cikin jama'a, ko da mace ce, ko da mafi rauninsu ne, ya ɗauki baƙo a ƙarƙashin kariyarsa, to alhakin wannan alkawari ya hau kan kowa; Bahaushe kuma ya taƙaita abin da cewa baƙonka annabinka. Mutanen Kirit Kiristoci ne, ba su karanta littattafanmu ba, amma suna da tsohuwar al'ada ta girmama baƙo wadda suke ɗauka mutuncin gida ya rataya a kanta, kuma abin da suka yi wa Reg shi ne ainihin abin da babin yake nufi. Ba su tambaye shi wace doka ce ta ware shi a ƙasarsa ba. Sun ga saurayi wanda ya ƙetaro rabin duniya ya zubar da gumi domin tsibirinsu, sai suka ga haƙƙinsa ya wajaba a kansu. Har ƙarshen rayuwarsa yana ambaton waɗannan mutane da girmamawa, yana mamakin ƙarfin halinsu. A watan Mayu na 1942 wani ƙaramin jirgin ruwa na Ingila ya lallaɓo gaɓar kudu cikin dare ya ɗauke shi tare da wasu, kafin shekarar ta ƙare kuma ya isa gida.

Murnar dawowa ba ta daɗe ba. Japan ta riga ta shiga yaƙi, ta matso har tsibirin Niyu Gini da ke ƙofar Ostireliya, kuma a can ne ƙanensa Harry, wanda yake bataliya ta 2/14, ya bi turbar Kokoda da ƙafarsa, sa'an nan aka kashe shi a Gona a ƙarshen watan Nuwamba na 1942. Su biyu ne suka tashi marayu a ɗaki ɗaya. Da wannan rashi a zuciyarsa Reg ya koma bataliyarsa, wadda aka sake ginawa daga tushe, ya shiga yaƙin da aka yi tsakanin Wau da Salamaua a 1943, cikin kurmin da ruwa ba ya ɗaukewa da tsaunukan da ake hawa da hannu da ƙafa, inda zazzaɓin cizon sauro ya fi harsashi kwantar da mutane. Tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin Bama a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, da abokan gaba iri ɗaya suka kara, a cikin irin wannan kurmi, kuma duk wanda ya taɓa zama ya ji labarinsu ya san abin da ake nufi. A wannan fage ne sanin daji da Reg ya tashi da shi ya bayyana. Yana saje, yakan ja 'yan sintiri su shiga bayan Japanawa su yi kwanton ɓauna su dawo, har kwamandansa ya ga cewa barin wannan mutum ba tare da muƙamin hafsa ba asara ce ga bataliya.

Ga kowane Bature, shawarar kwamanda da jarrabawar kwamiti sun wadatar. Ga Reg kuwa sai da maganar ta hau har teburin babban kwamandan sojan ƙasar, Janar Thomas Blamey, saboda ba a taɓa yi ba, kuma ana tunanin ko Turawa za su yarda su sara wa baƙar fata. Janar ɗin ya amince. Kwas na mako 16 a makarantar hafsoshi ta Seymour ya ɗauke shi kusan shekara guda saboda zazzaɓin da yake ta kayar da shi, kuma a can ya zauna tanti ɗaya da Tom Derrick, jarumin da ya sami lambar Victoria Cross a Sattelberg, wanda aka kashe a Tarakan watanni kaɗan bayan sun fito. A watan Nuwamba na 1944 Reg ya zama laftana. Mu da muka fito daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka mun san wannan shinge, domin a rundunar Afirka ta Yamma ma ƙarshen abin da baƙar fata yake kaiwa a lokacin shi ne samanja, sai a 1942 Seth Anthony na ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya tsallake shi, a Arewacin Nijeriya kuwa sai da aka jira Zakariya Maimalari a farkon shekarun 1950. Tsoron da manya suka ji bai tabbata ba. Da Reg ya koma Niyu Gini ya jagoranci mutanensa a yaƙin Aitape da Wewak, inda harsashi ya same shi a gwiwa, ba a ji cewa wani daga cikinsu ya ƙi bin umarninsa ba. A watan Oktoba na 1945 aka sallame shi.

Abin da ya biyo baya shi ne sashen da ya fi nauyin rubutawa. Mutumin da jiya ake sara masa, wanda ake danƙa wa rayukan 'ya'yan mutane, da ya tuɓe kaki sai ya koma abin da doka da al'adar ƙasar suka ce shi ne. Ya nemi a tura shi Japan cikin rundunar mamaya, aka ce ba a ɗaukar Aborijin, ya fito fili ya soki wannan hukunci da cewa jahilci ne da ƙuntataccen tunani. Ya yi kwandasta a jirgin ƙasa na cikin birnin Melbon, ya yi leburanci a maƙerar narkar da ƙarfe, ya yi akawu a tashar jiragen ruwa, masu gidajen haya suna rufe masa ƙofa da zarar sun ga fuskarsa. Mafi ɗacin duka shi ne maganar ƙasa. Gwamnati tana da tsarin raba wa sojojin da suka dawo gonaki, ladan hidimarsu, kuma cikin filayen da aka yayyanka domin wannan rabo har da na tsohuwar mishan ta tafkin Condah, inda Reg ya tashi, inda kakanninsa suke kwance. Aka raba wa tsofaffin sojoji Turawa, 'ya'yan Gunditjmara kuwa da suka yi yaƙin, har da Herbert Lovett wanda ya yi yaƙoƙin duniya biyu kuma ya rubuta takardar nema, ba wanda aka ba ko taki ɗaya. Ban san wani suna da ya dace da wannan ba ban da zalunci, kuma zalunci ne mai ninki biyu, domin ƙasar da aka ƙwace daga kakanni ita ce aka sake hana jikoki bayan sun biya ta da jini. Idan aka ɗora wannan a kan mizani tare da abin da talakawan Kirit suka yi, waɗanda ba su haɗa komai da shi ba amma suka sa wuyansu domin su ciyar da shi, sai kunya ta kama mai kallo a madadin hukumomin ƙasarsa.

Saboda haka da yaƙin Koriya ya tashi a 1950 bai yi wata-wata ba ya koma soja, ya bar matarsa da 'ya'yansa mata a ɗaki guda na wani tsohon gida a Melbon, ya tafi bataliya ta uku ta rundunar Ostireliya, inda ya zama kyaftin mai riƙe da kamfani guda. A watan Afrilu na 1951 sojojin Sin suka kawo gagarumin farmaki da nufin kama birnin Seoul, rundunar Koriya ta Kudu da ke gaba ta watse, ya zamana abin da ya rage a kwarin Kapyong shi ne bataliyar Ostireliya a kan wani tudu, ta Kanada a kan wani, da igwogin Niyu Zilan a bayansu, da kuma 'yan tankokin Amurka. Dare da rana aka yi ana turo musu mayaƙa sahu bayan sahu, sun riƙe wurinsu har aka ba su umarnin janyewa cikin tsari, farmakin kuma ya karye a nan. Ostireliya ta rasa mutum 32, shugaban Amurka kuma ya ba bataliyar lambar yabo ta musamman. Faɗan ya zo daidai da jajiberin 25 ga Afrilu, ranar da ƙasar take tunawa da mazajenta da suka fafata a Gallipoli a Yaƙin Duniya na Farko, kuma Reg ya ce a ranar ce ya ji a ransa cewa shi ma ya shiga sahun waɗancan mazaje. Ya sake yin faɗa a Maryang San a watan Oktoba. Da aka dawo da shi gida aka sa shi horar da kurata, zaman bariki bai karɓe shi ba, ya ajiye aiki a 1954, ya koma saran itace, daga baya ya yi shekaru a wata masana'antar tagulla a Sidni.

Sannu a hankali ƙasar ta fara jin nauyin abin da ta yi. Wani ɗan jarida da ya san shi tun Koriya, Harry Gordon, ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1962, littafin da ya sa Turawan Ostireliya da yawa suka fara tambayar kansu. A wannan shekarar kuma aka ba dukan Aborijin damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Sa'an nan ran 27 ga watan Mayu na 1967, shekara 26 cif bayan ranar da ya ɗaura banati a gonakin zaitun na Souda, aka yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a riƙa lissafa Aborijin cikin ƙidayar jama'ar ƙasa, a kuma ba gwamnatin tarayya ikon yin doka a kan al'amuransu. A 1969 aka ɗauke shi aiki a sabon ofishin kula da harkokin Aborijin a Kanbera, ya zama mai shiga tsakanin hukuma da jama'arsa, yana zagaya ƙasar lungu-lungu yana sauraron koke, aikin da ya riƙe har ya yi ritaya a 1980. An ba shi lambar MBE a 1971, a 1985 kuma aka naɗa shi cikin majalisar da ke kula da babban gidan tunawa da mazan jiya na ƙasar.

Allah ya ja kwanansa har ya ga abu ɗaya da mahaifinsa da Harry ba su gani tare da shi a ƙuruciya ba: a 1987 majalisar tarayya ta yi dokar da ta mayar wa mutanensa wani sashe na ƙasar tafkin Condah da dajin Framlingham. Ya rasu a Kanbera ran 2 ga watan Maris na 1990 yana da shekara 69, ya bar 'ya'ya da jikoki, kuma bisa al'adar da mutane da yawa suke bi a can aka ƙone gawarsa, iyalinsa suka ɗauki tokar suka kai ta yammacin Victoria, suka watsa ta a tafkin Condah.